Mbah Sakiman, Mai Koya wa Yara Faɗuwa

Da asuba, yana idar da sallah, Sakiman kan saɓa sanda a kafaɗa da jarka biyu a rataye, ya nufi rafi. Sawu huɗu yake yi. Ya hau da ruwan har kan gangaren da ke bayan filin shanyar gahawa, ya kwarara shi a kan hanya tun daga sama har ƙasa. Ba ya koya wa yaro babur a busasshiyar ƙasa. Sai jar lakar nan ta yi santsi kamar sabulu, sannan ya ajiye jarkokin, ya kunna tabarsa mai kanumfari, ya zauna jiran yara.

Ni sunana Darmin, yara suna ce mini Pak Darmin, wato Baba Darmin, aikina faci da gyaran babur. A ƙauyen Talang Waru nake kwana, amma rumfata tana can ƙasa, a mahaɗar da hanyar ƙauyen ta sauko ta faɗa kwalta. Shekara ashirin da shida na yi a wurin. Duk babur ɗin da ya karye a duwatsun nan namu na lardin Lampung ta hannuna ya bi, don haka na san wanda ya iya tuƙi, na kuma san wanda bakinsa ne kawai ya iya. Sakiman ya iya. Buhun gahawa uku yake ɗaurawa, biyu a baya ɗaya a kan tanki, ya naɗa wa tayar baya sarƙa, ya sauko da su ta hanyar da faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, dutse a gefe guda, rami a ɗaya gefen. Bai taɓa mallakar lasisi ba. 'Yan sanda ba sa hawa can, shi kuma ba ya sauka gari sai da dalili.

Yana yaro iyayensa suka zo da shi daga tsibirin Jawa. Ya yi dakon gahawa a gadon baya, ya yi da doki, sannan ya sayi babur. Matarsa maciji ne ya sare ta a gona wata rana da yake can bayan dutse yana taya wani girbi. Babur ɗinsa yana tsakar gida, makulli a jiki, 'yarsu Tukinah tana da shekara goma sha ɗaya, ba ta iya tayar da shi ba. Kafin a samo mai tuƙi matar ta cika. Bayan sadakar arba'in ya ɗora Tukinah a kan babur, ita ce ɗalibarsa ta farko. Mutane sun ce mutuwar matar ce ta sa shi wannan aiki. Shi bai taɓa faɗa ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Daga nan iyaye suka shiga kawo masa 'ya'yansu. Doka ta ce sai mai shekara goma sha bakwai, kowa ya sani. Amma a ƙauyen da maza ke yin sati a gona, wani ne zai kai tsohuwa asibiti, wani ne zai sauko sayen taki da gishiri, kuma wannan wanin yaro ne. Sakiman yana karɓarsu daga shekara tara, da zarar yatsan ƙafarsu ya taɓa ƙasa. Ba ya karɓar komai sai abin da uwa ta aiko, dafaffen rogo ko soyayyiyar ayaba. Yaran duk Mbah suke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane kaka.

Tsarinsa ɗaya ne, bai taɓa canja shi ba. Wata biyu na farko ba a kunna inji. Yaro zai hau babur a kan gangaren da aka jiƙa, ya sako shi a hankali, shi kuma Sakiman ya laɓe a bayan kututturen ayaba da tsohuwar tasa da ƙarfe. Ba zato ya yi tsalle ya fito yana buga tasar. Abin da yake so shi ne yaron ya jefa babur gefen dutse, ya faɗi a jikin ƙasa. Wanda ya karkata gefen rami yana shan tsumagiyar gahawa a ƙauri. Wanda ya tsaya tunani shi ma yana sha. Yakan ce musu wanda ya faɗi jikin dutse zai tashi ya karkaɗe wando, wanda ya faɗi rami sai an nemo igiya da maza shida. Haka kuma in aka haɗu da mai kaya a siririyar hanya, marar kaya ne ke mannewa da dutse ya ba shi wuri, yara kuwa kullum su ne marasa kaya. Sai yaro ya faɗi sau ɗari ba kuskure sannan ya ba shi makulli.

Abin ya yi aiki. A shekarun da na yi a mahaɗar nan ban taɓa jin yaron Sakiman ya faɗa rami ba. Na wasu ƙauyuka sun faɗa, har da manya.

Sai aka zuba wa hanyar gari kwalta, manyan motocin 'yan kasuwa suka fara hawowa. Ƙaramar sakandare tana kusa da mu, ana zuwa da ƙafa. Babbar tana gari, kilomita goma sha huɗu daga rumfata, kuma ba motar haya da ke hawowa da safe. Duk yaron da ya ci jarrabawa sai dai ya tuƙa kansa, ya ajiye babur a gidan wani kusa da makarantar, tunda malamai ba sa bari a shiga da shi.

Wanda bai san hanyar ba sai ya riƙe wannan: in kana gangarawa gari, dutse yana damanka, rami yana hagunka. Mu kuwa a kwalta hagu muke bi.

Akwai wani yaro, Gito, ɗan shekara goma sha biyar, cikin waɗanda Sakiman ya fi yabo. Wata safiya ya sha kwana ya yi kiciɓis da babbar mota mai hawowa. Motar tana hannunta, shi ma yana hannunsa, ba abin da ya haɗa su. Direban ya danna hon, sai yaron ya yanke hanya ya shiga gabanta. Bai mutu ba. An sa masa ƙarfe a cinya da ƙugu, karatu kuma ya tsaya nan.

A ƙauye aka yi ta magana. Wasu suka ce gudu yake yi, wasu suka ce waya yake dubawa, wasu suka ce kwanar tana da masu ita, a yanka kaza. Ni aka kawo wa babur ɗin. Na duba, giya ta uku yake, birki lafiya lau, dukan kuma a haƙarƙarin hagu ya same shi. Da Sakiman ya sauko da kaya na ce masa, "Kang," wato yaya, "zo ka ga wani abu." Na ɗauke shi muka je kwanar. Sawun tayar yana nan a kan kwalta, ya tashi daga hagu ya miƙe tsaf zuwa jikin dutse, kamar an ja shi da zare. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ya bi sawun da ƙafa, ya dawo, ya sake bi. Daga baya ya je duba yaron, aka ce Gito ya gaya masa shi ma bai san ya aka yi ba, ya ji hon kawai, hannunsa ya yi abin da ya saba.

A shekarar ce Wening, 'yar Tukinah, ta ci jarrabawar shiga babbar sakandare. Shekararta goma sha biyar, tun tana tara kakanta ke koya mata, kuma a dutse ta fi maza da yawa. Ubanta yana aikin gonar kwakwar manja a tsibirin Kalimantan, sau ɗaya yake zuwa a shekara, don haka maganar uwar ce magana. Tukinah ta ce ba inda za ta. Ba su da kowa a gari da za a ajiye ta a wurinsa, kuma ba za ta haifi 'ya ta miƙa wa babbar mota ba. Ta zauna su tsinki gahawa, ita ma haka ta yi, ba ta mutu ba. Saura sati biyar a buɗe makaranta.

Wening ta yi kuka kwana biyu, ba wanda ya kula ta. A rana ta uku Sakiman ya je ya sami 'yarsa, ya ce ta ba shi sati biyar ɗin. In ya cire wa yarinyar abin da ya sa mata, ta bar ta ta tafi. In ya kasa, shi da kansa zai ɓoye makullin. Tukinah ta ce ya je ya gwada, amma da idonta za ta gani, ba labari za a ba ta ba.

Lokacin girbi ne, lokacin da ɗan dako ke samun abin da zai ci shekara. Ya bar safiyarsa duka. Ya daina jiƙa gangare, ya sallami sauran yaran. Kullum ƙarfe shida suna rumfata, shi da jikar. Ni ma ya sa ni a ciki ba tare da ya nemi izinina ba.

Da farko wani tsohon ƙyauren kwano ya ba ni. Zan laɓe a bayan kwana, in na ji ƙarar babur ɗinta in fito a hannun mota mai hawowa ina dukan ƙyauren. Ranar farko mun yi sau goma sha biyu. Sau goma sha ɗaya ta tsallaka ta manne da dutse, sauran ɗayan kuma ta rufe ido ta danne birki a tsakiyar titi. Ya ɗaga tsumagiya, ta dube shi.

"Mbah, shekara shida kana zane ni don in nufi dutse. Yau kuma za ka zane ni don in nufi rami. Ka zaɓi ɗaya mana, ƙafar tawa biyu ce kawai."

Ya ce mata, da sunan da ake kiran 'ya mace a wurinmu, "Bakinki ya fi hannunki iya tuƙi, Nduk. Koma sama."

Amma ya jefar da tsumagiyar, ban ƙara ganinta a hannunsa ba.

Ya ɗaura mata jan ƙyalle a wuyan hannun hagu, bai yi ba. Ya sa ta riƙa faɗin hagu, hagu da ƙarfi tana tafiya, ta yi ta faɗa tana karkata dama. Sati guda ya ƙare a haka. Na ce masa ya haƙura, abin da ya shiga jiki a shekara shida ba ya fita a wata guda, kuma ni ina da tayoyin mutane. Ya ce in ba shi shayi.

Abin da ya gano a sati na biyu shi ne yarinyar ba motar take tsoro ba. Ramin ne ba ta iya kallo. Shi ya hana su kallonsa tun suna ƙanana, yana cewa inda ido ya je can taya take zuwa. Sai ya ajiye babur gaba ɗaya. Ya sa ta taka gefen hagu da ƙafa, daga rumfata har kwana ta biyar, ta dawo. Ya sa ta zauna a kan duwatsun bakin hanya ta zura ƙafafu, ta ci shinkafarta a nan tana kallon ƙasa, ta ƙirga masa bishiyoyin da ke cikin kwarin. Shi kuwa yana tsaye can tsallake, bayansa jingine da dutse. Ta lura.

"Zo mu zauna mana, Mbah. Akwai iska mai daɗi."

"Na ƙoshi."

"Tsoro dai. Pak Darmin, ka ga tsohon naka?"

Na ce ni ban ga komai ba, faci nake yi.

Bayan kwana huɗu ta fara tura babur a gefen, inji a kashe. Daga nan aka kunna. Muka bar ƙyaure muka koma tsohuwar a-kori-kurata, ina hawowa a hankali ina danna hon. A sati na uku tana cin bakwai cikin goma. A na huɗu tara. Sakiman ya ce tara ba komai ba ne, Gito ma ya yi wata bakwai yana wucewa lafiya. A sati na biyar ta yi kwana uku a jere ba kuskure, sai ya aika wa Tukinah ta sauko.

Ta zo da kanta a kan babur, da kwandon tsinka a bayanta, alamar ba daɗewa za ta yi ba. Ta saurari yadda za a yi: ita za ta tsaya a kan tudun da ke bayan rumfata inda ake hango kwana uku, ni zan gangara da mota in juyo, ba wanda ya san a wace kwana zan ɓullo. Ta ce ta ji, amma da sharaɗi.

"In ka yarda da ita, Pak, hau bayanta."

Bai yi musu ba. Ya karɓi hular kwano a wurina, wadda a sanina bai taɓa sawa ba, ya hau.

A kwana ta uku na same su. Na fito da ɗan gudu fiye da yadda muka saba, na kwanta a kan hon. Ina kallonsu ta gilashi, kusa da kusa. Wening ta riƙe hagu, idonta a kan bakin kwalta, hannunta bai motsa ba. Tsohon ne ya jefa jikinsa gaba ɗaya zuwa dama, wajen dutse, wato wajena. Babur ya yi tangal-tangal, tayar baya ta zame, gwiwarsa ta daki jikin motar. Yarinyar ta kai ƙafa ƙasa, ta fizgo kan babur ɗin da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta tsayar da shi a gefen hagu, taku biyu daga ramin.

Na fito. Sakiman ya sauka yana ɗingishi, wandonsa ya yage, jini yana bin ƙaurinsa. Wening tana haki, ta buɗe baki za ta yi masa tsiya kamar yadda ta saba, ta ga fuskarsa, ta rufe.

Daga kan tudu Tukinah tangal-tangal ɗin kawai ta gani. Muna isowa ta ce magana ta ƙare, ta miƙa hannu a ba ta makulli. Na ce mata ta tsaya, ni ne a gabansu, ni na ga abin da ya faru. Ta ce ita ma tana da ido. Sai uban ya cire hular ya ajiye a kan bencina.

Ya ce wa 'yarsa, "Ni ne, Nah. Ita ta riƙe hannunta. Ni na ja mu, ita ta dawo da mu."

Tukinah ta ce yana rufa wa jikarsa asiri ne kawai. Ya nuna mata gwiwarsa, ya ce ta duba wace ce ta fashe, ta hagu ko ta dama, sannan ta je ta duba jikin motar. Ta je ta duba. Ya ce a sake, ba shi a kai, ita kuma ta shiga mota ta zauna kusa da ni.

Sau huɗu muka yi. Na canja kwana kowane karo, sau ɗaya ma na kashe inji na gangaro shiru ta bayanta na danna hon. Wening ba ta bar hagu ba. A karo na uku na ji Tukinah ta dafe ƙofa, jikinta ya karkata wajen dutse, ita ma. Ta san na gani. Ba mu yi maganar ba.

Da muka dawo ba ta ce ta yarda ba. Ta ɗauki kwandonta, ta ce wa 'yar ranar kasuwa za su sauka sayen yadin siket ɗin makaranta mai ruwan toka, kuma kada ta sa ran za a yi mata ɗinki a wurin tela alhali akwai keke a gida. Ta hau ta tafi.

Sakiman bai koma jiƙa gangare ba a ranin nan. Iyaye sun yi ta zuwa, yana ce musu sai ya yi tunani. Wani ya ce masa ai yaran dutse sun fi yawa, 'yan makarantar gari ba su kai biyar ba, kada ya bar aikin shekara talatin saboda mutum ɗaya. Ya ce ya ji. Ban san abin da ya yanke ba, domin a ƙarshen watan ciwon baya ya ci ƙarfina, na rufe rumfar na koma wurin ɗana a garin Metro. Da damina aka aiko mini cewa ya rasu a bukkarsa ta gona, zazzaɓi na kwana uku. Wening tana aji na biyu yanzu, in ji masu zuwa.

Ganina da shi na ƙarshe ranar da aka buɗe makaranta ne. Sun sauko su uku, babur uku. Wening da farar riga da siket ɗin toka, ta cire sarƙar tayarta ta rataye a ƙusar rumfata, ta sumbaci hannun uwarta da na kakanta. Tukinah ta ce masa ya bi bayanta ko yau kaɗai, ya ga shigarta gari. Ya ce a'a, in ta hango shi a madubi hankalinta zai rabu biyu, kuma shi ba shi da abin yi a kan kwalta. Yarinyar ta tafi. Uwar ta tsaya har ƙarar ta ɓace, sannan ta juya gona.

Shi kuma ya tura babur ɗinsa ƙarƙashin rumfata, ya zare addar da ke ɗaure a jikinsa, ya ce in ara masa dutsen wasa wuƙa. Ciyawa ta yi tsawo a gefen hagu, ta rufe bakin kwalta, mai tuƙi ba ya ganin inda hanya ta ƙare. Ya wasa addar, ya gwada ta a babban yatsa, ya gangara da ƙafa yana ɗan ɗingishi. A kwana ta farko ya tsallaka wajen ramin, ya tsaya jim, ya gyara tsayuwa, ya sunkuya ya fara sara.